Farautar Colorado

Da saƙo ya shigo wayarsa cewa ƙuri'ar izinin farauta ta faɗa kansa, sai ya san an ƙure shi. Shekara da shekaru direban tasin nan yana cika baki a ƙofar masallacinsu na unguwar Morris Heights cewa shi jikan maharba ne, rashin izini kaɗai ya hana shi zuwa Colorado ya kayar da elk, ƙaton gwankin Amurka.

Bakin alƙalami ya bushe. Ya sayi tanti da taswira da takalman hawan dutse, ya ce shi kaɗai zai tafi, namiji ba ya neman rakiya. Matarsa kuwa ta bi ƙofa-ƙofa tana yi wa maƙwabta alkawarin naman daji.

Bai wuce New Jersey ba, jihar da ke maƙwabtaka da su. Ya ƙare hutunsa a wani ƙaramin otal, yana kallon namun daji a talabijin, gemu na tofowa. Ranar komawa ya shafa wa takalman taɓo, ya lallaɓa wurin mahaucin garin Newark da suke sayen ragon layya a wajensa, yana shirya kalmomin da zai roƙe shi ya rufa masa asiri.

Bai gama sallama ba mahaucin ya ɗago kai.

"Sannu da farauta, Alhaji. Ai Hajiya ta bugo tun ranar da ka tafi. Ga cinyar saniya biyu na ajiye maka a ƙanƙara. Ta ce ka haɗo da citta, ta gida ta ƙare."