Tarwaɗar da Baba Ya Mayar Tafki

Shekara uku Baba bai taka majami'a ba. Ran Lahadi ne 'yan Maraɗi ke zuwa sayen kifin da yake kamawa, sai ya ce sujada ta jira. Addu'ar safe ma ta mutu a gidanmu, shi kuma abu kaɗan sai faɗa.

Wata Asabar da la'asar, cikin bazara, kakata ta bi mu bakin tafkin Madarumfa. Ruwa ya ja baya, ya bar wani kududdufi mai warin taɓo, tarwaɗa na motsi a ciki. Na cafke guda da hannu, ba ƙugiya ba taru.

Kaka ta dubi Baba ta ce, "Ka ganta? Ita a ganinta har yanzu cikin tafki take. Haka wanda ya rabu da Ubangiji yake, ko yaro sai ya kama shi."

Baba ya miƙo hannu. Ya karɓi tarwaɗar daga hannuna, ya shiga tafkin har gwiwa, ya sake ta. Da ya juyo, dariya yake, ido jawur.

Ya ce, "Inna, a wanke mini farar rigata. Gobe Lahadi."

Har yau in na ji warin taɓo, waƙar sujada ce ke zo mini baki.