Ƙwaryar Inna Huseina

Ikrima ya goge ƙwaryar, ya kife ta cikin zane, ya ɗaure a bayan babur. Bai zuba ko ƙwayar gero ba.

Tun suna amare mahaifiyarsa Huseina ta ƙulla ƙawance da Aina'u, wata mai shanu a ƙauyen Shanono. Duk kaka ƙwarya kan tashi daga Rimin Gado cike da sabon gero, akushi kuma ya taso daga can cike da man shanu. Direba ɗaya ke kai wannan ya kawo wancan, daga baya kowanne ya koma gida. Ƙa'idar ɗaya ce: ranar da ɗayarsu ta rasu, a aika da nata a kife, ƙawance ya ƙare.

Huseina ta rasu, kaka ta zagayo har sau huɗu, Ikrima ya kasa aika ƙwaryar a kife. Da ya tuna tsohuwar tana jira sai ya cika ƙwarya, ya roƙi direba ya yi shiru. Akushi kuwa bai taɓa fashi ba, ɗaure tamau kamar bakin buhu. Ko Inna, a shekarunta na ƙarshe, takan daɗe tana shafa ƙullin nan kafin ta ce a kwance.

Amma abin ya hana shi sakat. In ya buɗe ɗakinta sai ƙanshin man shanu ya tare shi, alhali ba kowa ciki. Ya ji tsoron Allah, ya ji kunyar mamaciya. Bana ya ce shi zai kai da hannunsa, ya faɗa wa tsohuwar gaskiya, ko da za ta tsine masa.

Da hantsi ya isa ƙofar gidan Aina'u. Ya yi sallama, shiru. Ciyawa ta cinye turken shanu. Yana tsaye rungume da ƙwarya sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Tahira.

"Malam, ka yi baƙo daga Shanono, wai shi Uwaisu, ɗan Aina'u. Yana zaure yana kuka."

"Me ya kawo?"

"Akushi, a kife. Ya ce a taya shi roƙon Inna gafara. Tsohuwarsu ta rasu shekara shida ke nan, shi ke cika shi, don ya kasa gaya mata."