Gurasar da Rahina Ta Ba Tattabaru

Shekara shida Rahina tana zaune da surukarta a unguwar Ainu Shams, amma ba ta taɓa tambayarta komai game da addininta ba. Rahina 'yar Damagaram ce, karatu ya kawo ta Alƙahira, aure ya zaunar da ita. Mijinta Mazin Musulmi ne kamar marigayi babansa. Mahaifiyarsa kuwa, Mama Rashel, Bayahudiya ce, cikin 'yan tsirarun da suka rage a garin. Rahina na girka mata abinci, tana wanke mata kaya, amma da zancen ya doshi ibada sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. A ganinta wannan shi ne ladabi.

A shekara ta shidan, Idin Fesah na Yahudawa ya zo da baƙuwa. 'Yar yayan Mama Rashel za ta taso daga Faransa, karo na farko. Rahina ta zage da shara. A ƙasan durowar tsohuwar ta samu wani gutsuren busasshiyar gurasa, sirit kamar takarda, naɗe cikin farin ƙyalle. Ita dai ba ta zubar da abinci a shara, haka aka rene ta. Ta marmashe shi a bakin taga, tattabaru suka yi biki.

Da yamma aka zauna cin abincin idi. Mama Rashel ta fara ba da labarin yadda kakanninsu suka fita daga ƙasar nan da gaggawa, ƙullu bai ma tashi ba, har teku ya tsage gida biyu. Sai Rahina ta tambaye ta:

"Mama, Annabi Musa kike nufi? Wanda muke azumin Ashura saboda tsirarsa?"

"Shi fa, 'yata."

Ashe shekara shida wannan labari yana ɗaki ɗaya da Rahina.

Sai baƙuwar ta buɗe jaka ta fito da ƙyalle. A ciki akwai gutsuren gurasa. Mama Rashel ta karɓe shi ta ce:

"Ranar da yayana zai hau jirgin ruwa ya karya gurasar idinmu ta ƙarshe biyu. Ya ce rabi nasa, rabi nawa, sai mun sake zama tebur ɗaya mu haɗa. Shekara hamsin da bakwai ke nan. Ya rasu bai dawo ba, amma ga rabinsa ya dawo. Yalla, yi maza, Mazin, ɗauko mini nawa a durowa."

Da kyar Rahina ta buɗe baki ta faɗi abin da ta yi.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tagar, sannan ta ce, "Ma'alish, ba komai. Ba ki sani ba." Ta riƙe rabin yayanta a tafin hannu har aka tashi, ba ta ci komai ba. Da zaginta ta yi, da Rahina ta fi samun sauƙi. Kafin idi ya zagayo, Mama Rashel ta rasu.

Mai karatu, kawar da kai daga abin da ɗan gidanku yake girmamawa ba ladabi ba ne, jahilci ne. Tambaya ba ta rage maka imani. Ka tambaya tun mai amsar yana da rai, kafin hannunka ya ɓata abin da ba ya gyaruwa.