Sawun da Aka Kifa wa Ƙwarya

Da azahar aka sake tarar da rijiyar Kwarin Aduwa a buɗe, kwamin shayar da dabbobi jiƙe, ga kashin raƙuma ɗanye ya miƙa arewa. Magajin gari Almustafa ya iso yana huci, tarin makullan ma'aikata na kaɗawa a aljihunsa.

Shi ne magajin gari na farko tun da aka yanke ƙaramar hukumar daga ƙasar Belbeji. Kafin nan ba komai a wurin sai aduwa da dila. Da shi aka haƙa rijiyar, shi ya shata kasuwa, shi ya roƙo makaranta. Mutum ne mai zafin rai da son gayu, ko a tsakiyar bazara ba ya rabuwa da safa da takalmi sau-ciki, har ana tsokanarsa cewa da su aka haife shi.

Bana ruwa ya ja baya, sai 'yan majalisar gari suka yanke cewa a sa wa murfin rijiya kwaɗo, baƙin makiyaya masu wucewa su ƙara gaba. Abin takaici, yawancinsu jiya-jiya suka sauko daga bayan raƙumi, kuma sun san ba a hana matafiyi ruwa a ƙasar nan. Amma wanda ya samu inuwa yakan manta zafin rana. Almustafa ya sa hannu, tunda sun fi shi yawa.

Tun daga nan, duk ranar da garke ya biyo, da zarar gari ya kwanta ƙailula sai a buɗe rijiyar.

Wannan karon an samu sawu a cikin taɓo, aka kifa masa ƙwarya kamar yadda ake yi wa sawun ɓarawo don kada iska ta share. Da aka ɗaga, sai ga ƙafar hagu, babba, babu ƙaramin yatsa.

Kwaɗon ba a karye yake ba, don haka 'yan majalisa suka damƙe Idris, mai gadin rijiya, uban 'ya'ya ƙanana. Ya nuna musu yatsun ƙafarsa cikakku, ya rantse da Alƙur'ani. Suka ce to shi ya ba wani makulli, kuma jami'an tsaro na jandarma sun san yadda ake fitar da suna daga bakin mutum. Har an kira mota.

Almustafa ya yi ta zagaye rijiyar yana faɗa, yana cewa abin kunya ne, bai taɓa zaton zai ga haka a garin da ya kafa ba. 'Yan majalisa suna gyaɗa kai, daɗi ya kama su.

Idris ya durƙusa gabansa. "Ranka ya daɗe, kai ka san ni. Idan suka tafi da ni, wa zai riƙe mini gida?"

"Tashi," in ji Almustafa. Ya juya ga 'yan majalisa. "Kuna neman wanda ya shayar da mai ƙishirwa ku ɗaure? To ku matso, marasa kunya."

Ya zauna a bakin kwami, ya cire takalmin hagu, ya tuɓe safar, ya ɗora ƙafarsa mai yatsu huɗu a cikin sawun.