Keken da Ake Turawa

"Dubi tayar nan!" shugaban ofishinmu ya daka mini tsawa a gaban ma'aikata. "Ko zanenta bai goge ba. A ɗaka ka jingine keken?"

Shi ya raba mana kekuna bara, wai kowa ya riƙa hawa zuwa aiki, a huta da layin fetur. Shawara mai kyau, ga wanda ba a Rogo aka haife shi ba.

Ni da na ɗora ƙafa a feda, sai ga surukina a ƙofar gida. In dira, in durƙusa. Gaba kaɗan liman, sai dagaci, sai ƙanin babana mai tambayar lafiyar kowa har awaki. Wa ya isa ya wuce manya a kan keke? Mai mota hannu kawai zai ɗaga, a ce ya kyauta. Ni kullum turawa nake, ga gumi, ga makara.

"Magana nake maka!"

"Ranka ya daɗe," na ce. Na ɗauko takalmin da na tuɓe don gaishe shi, na ɗaga masa.

Ta hujin ƙasansa muka haɗa ido.