Keken da Ya Wuce Malam Ahmadu

Da tankin mai Jumare ya fara. Ya yanka gwangwanin kananzir, ya nannaɗe shi, ya liƙe da dalma, yana yi yana cizon leɓe.

Malam Ahmadu ne ya ja masa wannan aiki, malamin awon auduga, wanda shi kaɗai ke da babur tun daga Kudan har Ikara. Ranar kasuwar Kudan, da damina, ya keto kududdufi a guje, ya wanke Jumare da taɓo daga hula har takalmi, a gaban surukin Jumaren. Da Jumare ya ɗaga murya, sai ya waiwayo ya ce, "Mai facin taya, in kana da magana ka kamo ni." Kasuwa ta fashe da dariya. Kafin sati, 'yan tallan fura sun mai da maganar waƙa.

Jumare ya rantse sai ya wuce shi a kan hanya, jama'a na gani, ya cika masa baki da ƙura.

Keke ba matsala ba ne. Rumfarsa ta gyaran keke a Makarfi cike take da tsofaffin kekuna da sarƙoƙi, tun na zamanin maigidansa Inuwa, wanda aka ɗaure a Zariya kan keken sata, ya rasu a can, rumfa ta zama ta Jumare. Injin da zai ɗora wa keken ne babu. Ya je har Sabon Garin Zariya, ya dawo hannu biyu.

Ana cikin yankan rake sai ga wani baƙo da jaki, mai sayen tsofaffin ƙarafa, saurayi mara surutu. Ya ce sunansa Lado. Ya daɗe tsaye yana kallon rumfar, sannan ya dubi tankin da ke rataye, ya tambayi labarinsa. Jumare ya zayyane masa komai, jijiyar wuyansa na tashi.

"Wanda aka ci wa mutunci ba ya gaggawa," in ji Lado. "Zan duba maka."

Ya fara da ƙananan abubuwa. Yau bututun da za a yi salansa da shi, wata kasuwar fulogi, wata kasuwar waya. Bayan girbi ya zo da buhu, ya kwance a bayan rumfa. Ɗan ƙaramin injin famfon ruwa ne, ya sha man juye da ƙasa. Ya ce a jujin soja ya tsince shi. Da Jumare ya goge, sai ya ga ko tsatsa babu, ya yi hamdala.

Aiki ya kankama. Jumare ya ƙarfafa ƙashin keken da ƙarfen garma, maƙeri ya buga masa maɗauri, baduku ya yanka masa bel na kirgin sa. Bel ya tsinke, ya sake. Ya ƙone yatsa, ya tofa masa yawu ya ci gaba. Lado kan zauna daga ciki, inda ba a hango shi daga hanya, in an nemi sifana ya zura hannu ƙarƙashin benci ya ciro ta ba tare da an nuna masa ba. Ko sau ɗaya bai sa hannu a tuwon gidan Jumare ba. Kullum ya ce ya ƙoshi.

Akwai wata 'yar tagulla mai lamba a jikin injin. Jumare ya ɗauko magagari zai kankare ta.

"Bar ta," in ji Lado. "Ita za ta nuna wa Ahmadu naka ma ɗan ƙasar Turawa ne."

Ranar da inji ya tashi, kaji suka watse, jakin Lado ya tsinke igiya. Jumare ya yi dariya har da ƙwalla.

Lado ne ya kawo labarin cewa ranar kasuwar Makarfi, da hantsi, Ahmadu zai taso daga Kudan. Jumare ya laɓe a bakin gonar rake. Da babur ya gifta, ya taka feda, inji ya kama, ya bi shi. Keken na rawa kamar zai wargaje, hayaƙi na tuƙuƙi. Ahmadu ya waiwayo, ya ƙara mai, amma hanya duk yashi ce, babur ɗinsa mai nauyi ya riƙa nutsewa. Daidai bakin kasuwa Jumare ya shafta ta gefensa, ya bar shi cikin ƙura yana tari, hularsa a ƙasa.

Kasuwa ta ɗauki sowa. Mata na guɗa, masu mazarƙwaila sun bar faifansu sun taso. Jumare ya tsaya, ƙirjinsa sanyi ƙalau kamar an zuba masa ruwan randa.

Bai gama saukowa ba 'yan doka suka dafa shi. Da ma suna nan suna jira. Ɗaya ya durƙusa, ya goge 'yar tagullar da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Injin famfo ne na siton kamfanin auduga, siton da aka fasa bayan girbi.

Da igiya a ƙugu aka kai shi gaban alƙali. Ya yi ta rantsuwa cewa wani mai jaki ne ya kawo masa. Alƙali ya ce ai ga mai jakin nan, shi ne ma ya kai ƙara, ya ce da idonsa ya ga Jumare ɗauke da buhu a bayan sito.

Lado ya shigo. Jumare ya ƙura masa ido, yana lissafin yadda aka yi Ahmadu ya saye shi. Lado ya wuce ya tsaya a wurin masu shaida, wurin da Jumare ya sani sarai, don a nan shi ma ya taɓa tsayawa shekaru da yawa da suka wuce, ya dafa Alƙur'ani, ya ɗora wa maigidansa keken da shi kansa ya sato.

Alƙali ya ce mai shaida ya faɗi sunansa da na ubansa.

"Lado," in ji shi, idonsa cikin idon Jumare. "Ɗan marigayi Inuwa, mai gyaran keke."