Daga Tsamiya Zuwa Kwari

Malalaci ne, kuma maƙaryaci. Duk kwamfutar da aka kawo gyara shagonsa a Gaya, sai ya goge ta tas ya ɗora sabon Windows don ya fi sauri, sannan ya ce ya kwafe komai ya ajiye.

Haka ya yi wa ta yayansa. Yanzu ga yayan tsaye a kansa.

"Ba risetin da ke barin kayan mutum na ce ka yi ba? Ina bidiyon Baba?"

"Wane bidiyo, Yaya?"

Ya buɗe nan, ya rufe can, ya koma inda ya rufe. Ko'ina wayam. Shi kansa bai san abin da yake nema ba.

"Wanda marigayi ya zaga gonarsa da ke Toranke, ya dafa tsamiya ya ce daga nan zuwa kwari na autansa ne, wato kai. Kawu ya ce nasa ne, dagaci yana jiran shaida. Ai ka kwafe, ko?"

Baki ya riga ya saba. Sai ya ji kansa yana cewa, "Na kwafe."

Bana Kawu ne ya shuka gero daga tsamiya zuwa kwari.